Tela Ƙaramin-Aiki da Bel ɗin Tirela

A lungun da ke bayan babban titi akwai wani tela da ba a taɓa kawo masa aikin da ya fi ƙarfin bakinsa ba. Ko ce masa aka yi injin jirgin sama ya tsaya, zai ajiye almakashi ya ce, "Ƙaramin aiki ne." Da haka sunan ya manne masa, har matarsa in ranta ya ɓaci Ƙaramin-Aiki take ce masa. A ɗinki kam babu mai kushe shi, hannunsa na da kyau. Bakin ne dai yake riga hannun isa ko'ina.

Shagonsa wani ɗan tsukuku ne tsakanin mahauci da mai aski. Ƙudajen mahauci a wurinsa suke hutun rana, gashin mai aski kuma a kan yadinsa yake sauka. In zai yanka dogon yadi sai ya fito da rabin teburi waje. Shi ya sa shekara da shekaru idonsa ke kan ɗakin gaban gidan Yayarsa, ɗaki mai faɗi, mai sanyi, ƙofarsa na kallon babban titi. Har allon suna ya sa an rubuta masa tun bara, ya ɓoye a ƙarƙashin gado.

Yaya malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ta goyi Tela, don haka babu cika bakinsa da ba ta san inda yake ƙarewa ba. Tun rasuwar mijinta daga ita sai karenta a gidan, ita a ɗakinta a saman bene, shi kwance a bakin ƙofarta. Karen nan uwarsa karyar unguwa ce, ubansa kuwa babu wanda ya sani. Likita ta ce aƙalla iri huɗu ne suka haɗu a jikinsa, mai aski ya ce akwai na biyar, kuma maraƙi ne. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ƙirji kamar ganga, jela kamar tsintsiya. In zai juya a cikin baranda sai ya yi gaba ya yi baya ya sake yin gaba, shi ya sa ake ce masa Tirela.

Tafiya ta kama Yaya, 'yarta ta haihu a wani gari mai nisa, za ta je ta zauna mata na 'yan makonni. A daidai lokacin kuma Tirela ya fara ɗingishi.

"Auta," in ji Yaya, "zo ka raka ni wurin likita ka ji da kunnenka. Kai za ka riƙe mini shi."

Asibitin dabbobin ƙofofi kaɗan ne daga gidan Yaya. Likitar mace ce marar yawan magana. Ta ɗora Tirela a kan sikeli, ta danna ƙugunsa, ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Gaɓoɓin ƙafafun baya ne," ta ce. "Nauyi ya yi musu yawa. Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Abinci kwano ɗaya, a shafe, ban da tsiri. Sannan ya zaga unguwa kullum."

"Ƙaramin aiki ne," in ji Tela. "Likita, ni da na taɓa riƙe doki."

"Jaki ne," in ji Yaya. "Kuma a kwata ya ajiye ka."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ciro wani bel na fata daga jikin bango ta zagaya shi a cikin Tirela. Da ƙyar ƙarfen ya shiga hujin farko. Ta ɗauki jan biro ta kewaye wani huji can ciki.

"Ba sai kun zo awo kullum ba. Ranar da ƙarfe ya shiga wannan jan hujin, ya dawo daidai."

Da suka fito, Yaya ta tsaya a ƙofar ɗakin gaban gida ta ciro makulli ta girgiza shi a gaban hancin ƙanenta.

"Mai kemis ya dame ni a kan ɗakin nan. Na dawo na tarar ƙarfe ya shiga jan huji, makulli naka ne. Bai shiga ba, kada ka sake yi mini maganar ɗaki."

"Yaya, ki ma ba ni shi yanzu, kada ya ɓace miki a hanya."

Ta mayar da shi jaka ta ja zif.

Washegari da safe Tela ya shigo lungu riƙe da igiya, Tirela na biye kamar an jawo kujerar falo. Mahauci ya ajiye wuƙa, mai aski ya bar kan wani mutum rabi da rabi ya fito.

"Tela, layya za ka yi ko noma?" in ji mai aski.

"Jinya zan yi. Ku zuba ido. Kare kamar yadi ne, in ka kamo bakin zarensa ko'ina sai ya bi ka. Kafin Yaya ta dawo sai kun ɗauka barewa ce."

Ya ja igiya, suka nufi babban titi. Tirela ya bi shi lafiya lau har tsakiyar kwalta, sannan ya tuna ƙugunsa na ciwo, ya zauna. Tela ya ja, bai motsa ba. Ya koma baya ya tura, kamar ya tura katanga. Ya gyara murya ya ba da umarni irin na soja, Tirela ya yi hamma. Motoci suka jeru, aka cika titi da oda. Wani direba ya leƙo.

"Malam, ka ɗauke saniyarka a hanya!"

"Hutu yake! Cikin tsarin jinya ne!"

"To ku je ku yi jinyar a gefe, mu ma asibitin za mu!"

Sai ga mahauci ya taho a hankali da 'yar hanta a tafin hannu. Tirela ya miƙe tsaye kamar yaron da aka kira sunansa. Ya bi hanta har bakin titi, ya haɗiye, ya sake zama. Aka kawo wata, ya yi 'yar tafiya, ya zauna. Kafin su kai kwanar titi tiren mahauci ya yi sauƙi.

Tela ya share gumi, ya tsaya yana tunani, idonsa ya faɗa kan baron da mahauci ke ɗauko nama da shi daga mayanka.

"Ara mini baron nan."

Shi da mahauci da mai aski suka ciccibi Tirela suka ɗora. Tela ya kama hannayen baro ya fara turawa, tayar na kuka. Tirela ya ɗaga kai, iska na kaɗa kunnensa mai kwanciya, yana kallon jama'a dama da hagu kamar wanda ya ci zaɓe.

"Likita cewa ta yi ya zaga unguwa," in ji Tela yana haki. "Ga shi yana zagawa."

"Shi ke zagawa ko kai?" in ji mai aski.

"Kai dai tsaya a kan gashi, kada ka shiga harkar likitanci."

Sai maganar ƙwaya. Tela ya durƙusa a gaban Tirela ya kama leɓensa ya ɗaga. Ya ga haƙora jere, kowanne ya kai babban yatsansa. Ya mayar da leɓen inda yake a hankali, har da shafawa.

"Allah ya huci zuciyarka," ya ce.

Ya tusa ƙwayar a cikin hanta ya miƙa. Tirela ya haɗiye hantar, ya ɗan motsa baki, sai ga ƙwaya ta faɗo a gaban takalmin Tela, fara tas kamar an wanke ta. Ya sa ta a burodi da man shanu, burodi ya wuce, ƙwaya ta dawo. Ya sa ta a dafaffen ƙwai, ta dawo. Ya buɗe gwangwanin kifi, kifi ya tafi, ƙwaya ta dawo tana ƙyalli. Mutanen da ke jiran aski suka jawo benci suka zauna kallo, wani har yana cewa a gwada da kaza.

A nan ne Tela ya fito da abin da ya kira dabarar jere. Ya sa mahauci ya yayyanka nama, ya ɓoye ƙwaya a yanka ɗaya, ya dinga jefawa da sauri: wannan babu, wannan babu, wannan akwai, wannan babu. Tirela yana cafkewa a sama, bakinsa na ƙara kamar murfin akwati. Aka gama. Kowa ya sunkuya yana duban ƙasa. Babu ƙwaya.

"Kun gani?" Tela ya buɗe hannaye. "Shekara nawa likita ta yi a makaranta? Ni a safiya ɗaya na gama."

Tirela ya shige shago ya nufi tulin ƙyallayen da ke bayan keken ɗinki, ya tusa hanci ciki na ɗan lokaci, sannan ya kwanta a kai.

"Har maganin ya fara aiki," in ji Tela. "Dubi yadda ya samu natsuwa."

Haka aka ci gaba. Kullum da safe Tirela ya iske baro ya hau da kansa, ya zauna yana jiran direba. Kullum dabarar jere, jeren kuma sai tsawo yake ƙarawa, don Tirela ya gane in ya yi jinkirin buɗe baki ana ƙara yanka. Amma a kan kwanon abinci Tela bai yarda da wasa ba. Ya cika shi, ya ɗauki rula ya shafe samansa, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya ya duba ko akwai tsiri.

Wata rana matarsa ta kawo masa abincin rana ta tarar ana jere. Ta ajiye kwanuka ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, ba kwano ɗaya aka ce ba?"

"Ga kwanon can, a shafe."

"Wannan naman fa?"

"Wannan ba abinci ba ne, magani ne."

"To Allah ya ɗora mini irin ciwonsa. Ni dai gani nake yana ƙara faɗi."

"Gashi ne. In kare zai rame, gashi yake fara tashi."

"Kai kuma me ke tashi a jikinka? Ja wandonka, yana zamewa."

Tela ya ja wando. Gaskiya ne, turin baro ya cinye masa tumbi, wuyansa ya fito, har ya rage wa wandunansa ƙugu a ɓoye.

Ana gobe Yaya za ta dawo, sai ya tuna da bel. Ya ciro shi daga ƙusa yana fito, ya zagaya a cikin Tirela. Jan huji dai ba a maganarsa. Hujin farko ma ba a maganarsa. Bakin bel biyu suka tsaya nesa da juna, tafin hannu guda a tsakaninsu, kamar maƙwabtan da suka yi faɗa. Ya ja, Tirela ya yi gurnani. Ya ce masa, "Ja numfashi ciki," kamar yadda yake gaya wa masu gwada wando. Tirela ya saki gyatsa mai warin hanta.

Tela ya zauna a kan kujerar keke. Ya tuna ɗaki mai sanyi, ya tuna allon da ke ƙarƙashin gado, ya tuna fuskar mai kemis. Da wani ne da sai ya je ya gaya wa likita gaskiya. Amma Tela tun yana koyo maigidansa ya koya masa abu ɗaya: ba a taɓa gaya wa mutum ya yi ƙiba. Mutum ya kawo riga ta matse shi, sai ka ce yadin ne ya shige da wanki, ka farke gefe, ka ƙara ƙyalle daga ciki, ya tafi yana sa maka albarka. Shekaru yana yi wa manyan mutane haka, babu wanda ya taɓa ganewa.

"Ashe ma aikina ne," ya ce, fuskarsa ta washe.

Ya garzaya gida ya zazzage jakar unguwar matarsa, jakar da launin fatarta ya yi daidai da na bel. Kafin ta fito daga kicin ya yanke hannun jakar.

"Jakata! Ƙaramin-Aiki, jakata!"

"In na tare a babban titi, jaka sai kin zaɓa."

"Yaya ce fa. Matar da ta san kukan yunwarka da kukan ƙaryarka tun kana zanin goyo."

"Ɗinkina ne fa. Ko ni da na yi, gobe sai na nema."

Ya raba bel gida biyu daidai inda zai kwanta a ƙarƙashin ciki, ya fere bakin fatar, ya haɗa da ƙarin, ya bi da ɗinki biyu, ya goge da man takalmi. Ya gwada. Ƙarfe ya shige jan huji, ƙyas. Murna ta sa ya ce bari ya ƙara da tukuici. Ya samo wani tsohon labule ya ɗinka ƙaton matashi, ya kwashi tulin ƙyallayen bayan keke hannu bibbiyu ya cusa ciki ko dubawa bai yi ba, ya rufe baki. Don Yaya ta ga har gado ya yi wa majinyaci.

Ranar dawowa Tela bai jira an ba shi makulli ba. Ya loda keken ɗinki da allon suna a baro, mahauci da mai aski suka taya shi kaiwa ƙofar gidan Yaya, matarsa na biye da matashi a ka, Tirela kuma an jawo shi da hanta. Aka sauke keke. Tela ya sa mai aski ya hau benci ya kafe allon a saman ƙofar ɗakin. Jama'ar titi suka taru. Mai kemis ya tsaya a ƙofar shagonsa ya harɗe hannu.

Mota ta ajiye Yaya. Ta dubi allo, ta dubi keke, ta dubi ƙanenta da ya koma kamar sandar shanya. Sannan ta dubi Tirela, ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, sannu da hanya. Jama'a, ku matso ku shaida!"

Ya zagaya bel, ya ja, ƙarfe ya shiga jan huji. Ya ɗaga hannu sama kamar ɗan dambe. Wasu suka tafa.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Idona ne, ko ya fi da cika?"

"Tsoka ce, Yaya. Kitsen ya narke ya zama tsoka. Haka motsa jiki yake yi."

Ta ciro makulli. Hannun Tela har ya miƙe.

"Mu je mu yi wa likita albishir tukuna. Ga ta nan kusa."

"Haba Yaya, mace mai aiki da yawa, kada mu dame ta."

"Tirela, taso mu je."

Tirela ya ji an ce a je. Ya miƙe, ya wuce Yaya, ya nufi baro, ya ɗora ƙafafun gaba, ya ja sauran jikinsa ya haye, ya gyara zama. Sannan ya juyo ya dubi Tela, irin kallon da maigida ke yi wa direban da ya makara.

Wata mai sayar da lemo a bakin titi ta ɗaga murya. "Yau kun makara zagayen! Tun ɗazu nake cewa ko tayar ce ta yi faci."

Yaya ta juyo ta zuba wa Tela ido. Kallon nan Tela ya san shi tun yana firamare.

"Lada ne," ya ce. "In ya gama tafiyarsa, nakan ɗan ba shi lada."

"To ba shi ladan har asibiti."

Haka aka tafi, Tela na turi, taya na kuka, rabin titi na biye. A barandar asibiti likita ta fito. Aka sauke Tirela a kan sikeli. Likita ta dubi lambar, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake duba.

"Ya ƙaru. Ba kaɗan ba."

"Sikelin ne," in ji Tela. "Kayan lantarkin nan na zamani ba su da amana. Ga bel nan, likita, shi ba ya ƙarya."

"Duk kitsen da Tela ya zubar a titi, kare ya bi ya tsince," in ji mai aski.

Likita ta kwance bel ɗin. Ta shiga ciki ta fito da ɗan'uwansa, iri ɗaya, ta haɗa su ta ɗaga sama. Na Tirela ya zarce ya yi lilo.

"Bel ɗina ya yi girma," ta ce.

"Fata ce. Fata tana miƙewa da zafi. Kowa ya sani."

Yaya ta karɓi bel ɗin. Ta bi shi da yatsa a hankali, kamar tana duba jarrabawa, har yatsan ya tsaya. Ta matso da shi kusa da ido, ta taɓe baki.

"Likita, wani ne ya yi masa ƙari. Amma alhamdu lillahi, ba ƙanena ba ne. Wannan aikin ɗan koyo ne. Dubi ɗinki a karkace, kamar tafiyar maye."

Matar Tela ta rufe ido. Ta san abin da ke tafe.

Tela ya kau da kai. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Allah sarki," Yaya ta ci gaba. "Ko zaren ma bai iya zaɓa ba."

"Karkace?" Muryar Tela ta fashe. "Karkace, Yaya? Ki sa tabarau! Ɗinki biyu na bi, na fere bakin fatar, na goge da mai! Likita da kanta sai da ta ɗauko wani ta gwada kafin ta gane! A duk garin nan a nuna mini telan da zai..."

Ya tsaya. Barandar ta yi tsit, sai kukan wata akuya daga ciki.

"Ƙarasa mana," in ji mai aski. "Telan da zai me?"

Aka kwashe da dariya har mai kemis sai da ya dafa bango. Tirela ya gaji da tsayuwa a kan sikeli, ya hango matashinsa da matar Tela ta ajiye, ya je ya juya gaba da baya, ya saki jikinsa gaba ɗaya a kai. Tsohon labule ya ce ɓarr. Ƙyallaye suka yi tsalle, sai ga fararen ƙwayoyi suna gangarowa a kan siminti, suna bin ƙafafun mutane, wasu har bakin kwata.

Likita ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, da ɗan zare manne a jikinta.

"Ko ɗaya bai sha ba?"

"Ku dai shaida," in ji Tela da ƙaramar murya, "yadin ne ya yage. Ɗinkin na nan."

"Naman fa da aka dinga jefawa?" in ji matarsa.

"Nama kam ya sha," in ji mahauci. "Ni shaida ne."

Likita ta durƙusa ta danna ƙugun Tirela, ya yi ƙarar da ta fi ta farko. Ta miƙe ta dubi Yaya.

"A ina yake kwana?"

"A bakin ƙofata, saman bene."

"Ya daina. Da wannan nauyin, hawa bene zai ƙarasa masa ƙafafu. A samar masa ɗaki a ƙasa, mai faɗi, mai sanyi, inda zai miƙe sosai. Sai ya rame zai koma sama. Akwai?"

"Akwai ɗaya," in ji Yaya.

"Yaya," in ji Tela. "Yaya, don Allah."

Ta kamo hannunsa ta buɗe tafin, ta ajiye masa makulli a ciki.

"Ga shi, Auta. Da safe ka buɗe ka fito da shi, ku zaga da ƙafa, ƙafarsa. Ku biyo nan likita ta ba shi ƙwaya a gabanta. Ka mayar da shi ka rufe. Ranar da ƙarfe ya shiga jan huji na gaskiya, shi ya koma sama, kai ka shiga. Bel kuma a wurin likita zai zauna."

"Allon fa?" in ji mai aski. "In cire?"

"Bar shi. Ya dinga gani kullum."

Da yamma aka mayar da keken ɗinki lungu a cikin baro, mahauci ya karɓe baronsa ya ɗaure da sarƙa. Ƙudaje suka yi wa Tela maraba.

Tun daga ranar, baƙin da suka ga allo a babban titi sukan tsaya da yadinsu su leƙa ta taga, su ga Tirela shimfiɗe a tsakiyar ɗaki mai sanyi, ƙafafu a sama, yana minshari. Wata mata har lungu ta biyo Tela da ƙorafi.

"Na je sabon shagonka sau biyu, kullum maigidanka na barci."

Wata safiya Tela ya zo wucewa ta bakin lungu, igiya a hannu, aljihu babu ko ƙashi. Mai aski ya leƙo da reza a hannu.

"Tela, yaushe za mu sha bikin tarewa?"

Tela ya ja wando, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai ce ƙaramin aiki ne. Sai ya ji igiya ta yi nauyi. Ya waiwaya. Ƙaramin aikin ya zauna a tsakiyar titi, motoci sun fara oda.